Shekaruna na Rini a Ƙetaren Gada

Shekarar da na bar kolej, Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta ɗauke ni in riƙa taya ta zama a rumfarta ta atamfa a kasuwar Gaya. Aikina bai wuce ninke abin da masu saye suka warware ba, da kai saƙo gidajen matan da ba sa fitowa kasuwa. In ciniki ya yi sanyi sai in ciro wani tsohon kaye, littafin rubutuna na lakwal, wato makaranta, da ya rage da sauran shafuka, in riƙa kwaikwayon adon da ke jikin atamfofin da bik, wato biro. Da farko abin da na gani nake zanawa. Daga baya na fara yi musu gyara, ina ganin wannan furen ya cika girma, wancan tsuntsun kuma da an juya shi da ya fi kyau. Ban daɗe ba na daina duban kayan Gwaggo na koma zana nawa: ganyen giginya, ƙayar kifi, ƙullin igiyar da Baba ke ɗaure tanti da ita a kan kamyonsa, babbar motar da yake jigilar kaya da ita.

Ban san akwai mai cin abinci da irin wannan ba. A tunanina atamfa da adonta take sauka daga jirgi a Kwatano, kamar yadda kifi ke fitowa daga ruwa da ɓawonsa.

Wata rana wata mata ta zo sayen ɗankwali, ɗaure da wani zani shuɗi mai farin ado da ban taɓa ganin irinsa ba. Layukan ba su miƙe sosai ba, kuma a cikin farin akwai wasu siraran jijiyoyi kamar tsagar busasshiyar laka. Na kasa daurewa na tambaye ta inda ta samo shi. Ta ce a Malanbil aka yi mata, garin da ke ƙetaren gulbi a ƙasar maƙwabtanmu, gidan wata dattijuwa a bayan kasuwar albasa, kuma da hannu take yi. Ranar da Gwaggo ta aike ni ƙetare karɓo kaya, na hau babur ɗin kabu-kabu na haye gada, na yi ta tambaya lungu lungu. Tun kafin in ga ƙofar gidan warin narkakken kaki ya tarbe ni.

Kowa Mama yake ce mata, ni ma haka na kira ta tun daga ranar. Gajeruwa ce mai kauri, mijinta ya daɗe da rasuwa, ƴaƴanta sun watsu kudu. Hannayenta har wuyan hannu sun rine, ba sabulun da ke fitar da su. Dandanci, yaren mutanen bakin gulbin nan, take ji sosai, Hausarta ta kasuwa ce, sai muke haɗa biyun. Na same ta tsaye a gaban wani dogon tebur da aka shimfiɗa wa farin yadi, kasko na gefenta bisa gawayi, kaki na narkewa a ciki. Takan tsoma hatimin da ta yanka da reza daga soson katifa, ta girgiza shi sau ɗaya, ta danna a kan yadin, ta ɗaga, ta matsa gaba. Duk inda kaki ya zauna, rini ba ya shiga. In an tsoma yadin a baho ya sha launi, sai a tafasa shi kakin ya fita, adon ya bayyana. Na tsaya ina kallo har na manta da aiken Gwaggo.

Da ta huta na miƙa mata kayena. Ta goge hannu a zaninta, ta buɗe shafi shafi. Da ta kai ƙarshe sai ta ɗauko wani ƙyalle, ta ɗaura a ƙugunta, ta yi tafiya zuwa bakin ƙofa ta dawo.

"Kin iya zane, ɗiyata," in ji ta. "Amma takarda a kwance take, shi kuwa zani tafiya yake yi. Abin da kika zana nan, in mace ta ɗaura, rabinsa zai shige ninki, rabin kuma sai an matso kusa da ita kafin a gani."

Na ji zafin maganar, amma a hanyar komawa ba abin da nake kallo sai zannuwan matan da ke tafe a kan gada.

Baba bai so ba ko kaɗan. Ya ce shekara da shekaru yana jigilar dilar atamfa daga Kwatano, ya san mai saye, ya san mai sayarwa, ya san tela, ya san ɗan duwan, ma'aikacin kwastan mai buɗe dila ya duba, amma bai taɓa haɗuwa da wani mai suna mai zana atamfa ba. Ya ce in ɗinki nake so zai saya mini keke gobe. Inna kuwa hannayena ta tausaya wa, ta ce wa zai so amarya mai baƙin hannu. Gwaggo ce ta tsaya mini. Ta gaya wa yayanta yarinyar nan ko an hana ta ba za ta bari ba, gara a san inda take zuwa. Aka amince in riƙa hayewa kwana uku a mako, in dawo kafin la'asar sakaliya.

Watannin farko ban taɓa hatimi ba. Ɗiban ruwa nake yi, da hura wuta, da wanke sabon yadi har sitacinsa ya fita, da kwashe kakin da ya taso a kan ruwan zafi don a sake amfani da shi. Ranar da ta ba ni soso da reza ta ce in yanka nawa, na zaɓi ƙayar kifi, na yi mata layuka sirara kamar yadda nake yi da bik. Da na tsoma a kaki sai layukan suka narke suka haɗe, abin da ya fito a kan yadin ya zama wani dunƙule mara kai. Mama ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta nuna mini yadda ake barin fili tsakanin layi da layi, da yadda gefen hatimi na dama zai dace da na hagu, ta yadda in an jera su ba mai gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Wannan kaɗai ya ci mini kusan damina guda. Na ɓata yadi da yawa. Ba ta taɓa yi mini faɗa a kan yadi ba, amma in na bar kaki ya yi zafi har ya fara hayaƙi, ranar sai na ji a jikina.

A tsakar gidan nan akwai wani mangwaro, a gindinsa muke cin abincin rana, yawanci shinkafa da soyayyen kifi, ko doya in ɗanta ya aiko daga kudu. Zannuwa na shanye a igiya kewaye da mu, suna ɗiga, ƙasa ta yi shuɗi nan, ta yi ja can. A nan take ba ni labarin yadda ta koyi aikin tana budurwa a wajen wata uwar ɗakinta, da yadda ta taɓa zuwa ƙofar wata masaƙa da zane-zanenta a jaka, mai gadi bai ko bar ta ta shiga ba. Ba da baƙin ciki take faɗa ba, tana faɗa tana cire ƙaya daga kifi.

Koyon aikin ya fi sayar da shi sauƙi. Gwaggo ta ba ni gefe ɗaya a rumfarta na rataye nawa. Mata su zo su shafa, su yaba, su tambayi kuɗi, sannan su nuna atamfar masaƙa da ke kusa su ce ga wadda ta fi arha kuma ta fi sheƙi. Wasu su ce ai irin wannan zuba yake yi a wanki, ko da na jiƙa ƙyalle na murza a gabansu. Waɗanda suka yarda su ba ni aiki kuma, yawancinsu hoton wata sananniyar atamfa suke nuna mini a salula, wayar hannu, su ce in yi musu irinta sak. Nakan yi, don ba a ƙin abinci, amma raina ba ya ciki.

Akwai wani Alhaji, abokin Baba, da ke yin odar atamfa kai tsaye daga waje. Baba da kansa, bayan ya ga na nace, ya kai ni wurinsa da zane-zanena. Alhajin ya duba da mutunci, ya ware guda uku ya ce waɗannan za su shiga. Sai ya yi mini bayani cewa masaƙa ba ta kunna inji don turmi goma ko ashirin, sai abin da zai cika mota, kuma shi ba zai zuba dukiyarsa a adon da mata ba su riga sun sani ba. Ya ce in je in yi suna tukuna. Na fito ina tambayar kaina ta ina ake yin suna in ba a buga ba. Da muka kusa gida sai Baba ya tsaya ya saya mini rake.

A shekara ta huɗu aka ba ni aikin da har yau nake auna sauran da shi. Wata ƙungiyar mata manoman rake daga Tanda za su aurar da ɗiyar shugabarsu, suna son anko wanda ba za a ga irinsa jikin kowa ba. Ɗaya daga cikinsu ta taɓa sayen zanina a rumfar Gwaggo, ita ta kawo su. Su ashirin da huɗu ne. Suka ce in zana musu abin da na ga dama, kada dai ya yi kama da na kasuwa. Na zana musu gaɓoɓin rake a jere a karkace, da ganye yana faɗowa tsakaninsu, kore a kan ruwan ƙwai. Launi biyu ke nan, wato kowane zani sai ya sha kaki sau biyu, rini sau biyu.

Tsakiyar damina ce. Mako uku ina hayewa kullum, Baba ya ɗage mini dokar kwana uku. Mu shanya, hadari ya taso daga gabas, mu kwashe a guje, ya wuce bai zubar ba, mu sake shanyawa. Ɗakin Mama ya cika da ɗanyun zannuwa har ba wurin shimfiɗa tabarma. A mako na biyu garin koren ya ƙare, wanda muka samu a kasuwa kuma bai zo daidai da na farko ba, guda takwas suka fito da duhu fiye da sauran. Na zauna a gindin mangwaro na yi kuka. Mama ta bar ni na gama, sannan ta ce in tashi mu yi guga, ta ce in gaya wa matan gaskiya tun kafin su gani da idonsu.

Na gaya musu. Shugabar ta jera mai haske da mai duhu a hannunta, ta ce masu duhun a ba tsofaffi, dama su ba sa son abin da ke ƙyalli. Shi ke nan maganar ta mutu.

Ranar bikin na je Tanda. Ina sauka daga mota na hango su sun fito daga wani gida a jere, ɗauke da kwanonin gara a ka, suna bin hanyar da ta ratsa gonaki. Ban taɓa ganin aikina a jikin mutum fiye da ɗaya ba. Na tsaya a bakin hanya riƙe da jakata, ina kallonsu. Wata tsohuwa a cikinsu ta gane ni, ta fito daga layi ta kama hannuna ta juya shi, ta ga yadda farcena ya rine, ta sa mini albarka mai tsawo. Na so a ce Mama tana wurin. Ƙafarta na ciwo a lokacin, ba ta iya zuwa ba. Washegari na kwashe komai na gaya mata, tana ta tambayata ko gefen zanin ya zauna daidai a idon sawu.

Bayan wannan aiki ya fara shigowa, daga Tanda, daga Karakara, har da wasu matan Gaya da ke zaune a Yamai. Na yi aure a shekarar da ta biyo, mijina malamin lakwal ne, bai hana ni ba. Muka fara shawara da Mama mu kama wani fili a gefenmu, mu kafa rumfa, ita ta riƙa hayowa, tunda yawancin masu sayenmu daga nan suke. Har mun je mun duba wurin, ta ɗanɗana ruwan rijiyar ta ce zai yi.

Sai hukumomi suka rufe iyaka, aka rufe gada.

Da farko kowa cewa yake kwana kaɗan ne. Kamyoyi suka yi layi a gefen hanya, na Baba na ciki. Mutane suka koma hayewa da kwalekwale, ni ma na bi su. Amma tafiyar da da nake yi kafin shayi ya huce ta koma ta rabin yini, ga jira a bakin ruwa, ga cunkoso, ga tsadar haya. Sau ɗaya na dawo da zannuwa goma da aka gama, jarkar wani ta ɗiga musu manja a cikin jirgi. Matan da ke ba mu aiki su ma hannunsu ya ƙulle, wanda ke neman na hatsi ba ya maganar anko. Ina da ciki wata shida a lokacin. Inna ta zo har gida ta ce ba ta yafe ba in na sake shiga jirgin nan kafin in sauka. Na zauna.

Muna magana a salula, ni da Mama. Takan ce tana nan tana ɗan taɓawa, amma na san kaskon ya fi kwana a kife. Bayan na yi arba'in ta kira ni ta ce babban ɗanta ya matsa sai ta koma wurinsa a Faraku, can kudu, tunda ba aiki, ga ƙafa. Ta ce in zo mu yi sallama.

Na goya jaririyata na haye. Na ɗauka zan tarar ta ɗaure kaya, sai na tarar ta hura wuta, ta shimfiɗa yadi biyu na ƙarshe da suka rage mata. Ta karɓi yarinyar ta yi mata wasa, ta kwantar da ita a tabarma, ta ce in ɗauki hatimi. Muka yi aiki kamar kowace rana. Har gardama muka yi a kan launi, ni ina son ja, ita tana son shuɗi, aka yi shuɗi. Da muka zauna cin abinci sai ta ce a Faraku akwai masu sayen irin aikinmu, akwai baƙi masu zuwa, akwai shagunan da ke karɓa. Ta ce ɗanta yana da ɗaki a waje.

"Ki zo mu tafi. Ki yi shekara biyu kawai, ki ga yadda hannunki zai buɗe."

Na ce mata ina da miji mai aiki a nan, ga jaririya, ga Baba da zaman banza ya fara kayar da shi. Ta gyaɗa kai, ta ce ta sani, ta faɗa ne don kada wata rana in ce ba ta faɗa ba. Ta raba kayan aikin biyu, ta ba ni ƙaramin kasko da baho ɗaya da hatiman da na yanka da hannuna. Nata ta zuba a buhu. Ba ta raka ni bakin ruwa ba saboda ƙafar, a ƙofar gida muka rabu. Da jirgi ya kai tsakiyar gulbi na juya ina neman kan mangwaron a cikin rufin gidaje, ban iya bambance shi da sauran itatuwa ba.

Na yi ƙoƙarin ci gaba a gidana. Gidan haya ne, tsakar gida ɗaya da iyali uku. Maƙwabta suka yi ƙorafin warin sodar da ake kwaɓa rini da ita, da ruwan rini da ke bi ta ƙofar ɗakinsu, kuma da gaskiyarsu, akwai yara masu rarrafe. Na koma yi a bayan gidan Inna sau ɗaya ko biyu a wata. Farin yadi mai kyau sai an sayo mini daga Kamba, garin rini kuma wanda aka samu ne, ba wanda ake so ba. Aikin da mutum biyu ke yi suna hira, in mutum ɗaya ya tsaya a kansa sai ya yi tsawo. Ba wanda zai kama ɗaya gefen yadin in za a tsoma, ba wanda zai dubi hatimi ya ce wannan layin ya yi kusa.

Yanzu abin da ke riƙe da ni shi ne wani shagon tela a hanyar tasha, mai injin surfani da ke aiki da ordinatar, wato kwamfuta. Ni ke zana masa adon wuyan riga da na hannu, ya sa wa injin. Aiki ne mai tsabta, a inuwa, hannuna ya koma kalarsa, Inna ta ji daɗi. Masu kawo ɗinki na yabawa, wasu ma sukan ce a ba su na matar nan. Ina gode wa Allah. Sai dai adon wuyan riga tafin hannu biyu ne, ni kuwa idona ya saba da yadi shida. Wani lokaci ina zaune a gaban ordinatar sai in ji ina son zafin gawayi a ƙafata, da nauyin jiƙaƙƙen yadi in an ɗago shi daga baho.

Mijina ya ce in hutun lakwal ya zo, in hanya ta yi sauƙi, zai kai ni Faraku in kwana biyu. Hutu biyu ke nan ana faɗa.

Watan jiya wata mata ta ba ni aikin zani ɗaya, shuɗi mai duhu take so. Sau biyu ina tsomawa yana fitowa fari-fari kamar wanda ya sha wanki. Na ɗauki hoto na tura wa Mama, na yi mata saƙon murya. Idonta ya yi rauni yanzu, jikarta ke buɗe mata salula, don haka sai bayan kwana uku amsa ta zo. Saƙon mai tsawo ne, ana jin hayaniyar yara da ƙarar babura a bayanta. Ta tambayi Baba da jiki, ta tambayi ko yarinyar ta fara magana, ta yi ƙorafin albasar can ba ta kai tamu ba, ta ce ɗanta ya hana ta taɓa wuta. Sai can ƙarshe, kamar ta tuna, ta ce ruwana ne bai yi zafi ba lokacin da na kwaɓa garin, kuma in bar yadin ya sha iska sosai tsakanin tsomawa da tsomawa, in daina gaggawa. Na saurara sau uku. Ran Lahadi na je bayan gidan Inna na hura wuta, na yi yadda ta ce, shuɗin ya kama.